Ƙishirwar Malami da Lafiyar Ƙoda



Mun saba idan muka taru irin wannan taro, zancenmu albashi ne da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Duk waɗannan suna nan, ba mu yar da su ba. Sai dai yau mun nemi izinin shugabanni mu yi magana a kan abin da ya fi komai araha a cikin gidajenmu, wanda kuma malami ya fi kowa hana kansa, wato ruwan sha. Kada wani ya raina batun. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mu da muke jawo ilimi muna shayar da 'ya'yan jama'a, da yawanmu da busasshen maƙogwaro muke wannan aiki.

Mu dubi yinin malami a watan Maris ko Afrilu, lokacin da bazara ta tsaya, zafi ya haura maki 35 a ma'auni, wata rana ma ya doshi 40. Ya fito daga Hayin Dogo ko Palladan ko Muciya da sanyin safiya, abin da ya shiga cikinsa bai wuce kofin shayi ko koko ba. Ya shiga aji mai rufin kwano, babu silin, yara cike har baƙin ƙofa. Daga nan magana ce da ɗaga murya, ga ƙurar alli, ga zufa tana jiƙa riga, har a tashi. Idan an tashi ɗin ma ba hutu ba ne, domin albashi ba ya kai wata: wani ya hau babur ya yi haya tsakanin Kwangila da Samaru, wani ya wuce gona, wata ta tafi koyarwar yamma ko ta kama sana'ar gida. Sau da yawa sai la'asar mutum yake tunawa bai sha ruwan kirki ba tun safe.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba saboda kunya, amma yau za mu faɗa. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mata da gangan suke ƙin shan ruwa kafin su fito aiki, domin makarantar da suke koyarwa ba ta da makewayin da mace mai mutunci za ta shiga. Wata makarantar babu shi sam, wata kuma akwai shi amma ba ƙofa, ba ruwa. Sai malama ta zaɓi ƙishirwa, ko ta matse fitsari awa shida har ta koma gida. Wannan dabara ce ta kare mutunci, ba mu zargi kowa a kanta ba, amma ƙoda ce take biyan kuɗinta.

Bari mu tuna wa kanmu darasin da wasunmu suke koyarwa a ajin kimiyya. Ƙoda guda biyu ce, tana can baya ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu, kowace girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. A cikin kowace ɗaya akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take bugawa ta ƙoda yake bi. A kwana ɗaya takan tace ruwan jini da ya kai lita 180, ta mayar da kusan dukkansa cikin jiki, ta fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari, ɗauke da dattin da jiki ba ya so. Ita ce take daidaita gishiri da ruwan jiki, tana da hannu wajen tsayar da ƙarfin bugun jini, tana aika saƙo ga ɓargo ya ƙera jan jini, tana kuma taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari. Duk wannan aiki tana yin sa dare da rana ba tare da mun ji motsinta ba.

Wannan shirun nata shi ne haɗarin. Haƙori idan ya fara lalacewa yakan hana barci, ido idan ya samu matsala nan da nan za a sani. Ƙoda kuwa tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum yana ta harkarsa. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska, da kasala, da tashin zuciya, da ƙaiƙayin jiki, sau da yawa ɓarnar ta yi nisa.

To me ƙishirwa take yi mata? Fiye da rabin nauyin jikin babban mutum ruwa ne. Idan ruwan ya ragu, ƙwaƙwalwa takan aika wa ƙoda umarni ta riƙe abin da ya saura, shi ya sa fitsari yake raguwa, ya yi kauri, launinsa ya koma kamar shayin da ya daɗe a wuta. Wannan hikima ce ta Mahalicci domin ceton rai na ɗan lokaci. Amma idan ya zama kullum a haka ake yini, illoli sukan biyo baya.

Ta farko ita ce tsakuwar ƙoda. Kamar yadda gishiri yake taruwa a gindin tukunya idan ruwa ya ƙone, haka sinadaran da ke cikin fitsari mai kauri suke daskarewa su zama tsakuwa. Wanda ya taɓa jin zafin saukowarta daga kwiɓi zuwa mara ba ya fatan maƙiyinsa ya ji. Likitoci a birnin Parma na ƙasar Italiya sun bi diddigin masu wannan lalura na tsawon shekara 5, suka wallafa sakamakon a 1996: cikin waɗanda aka sa su yawaita shan ruwa, kimanin kashi 12 cikin ɗari ne tsakuwar ta dawo musu, waɗanda ba a sa ba kuwa kashi 27. Ruwa kaɗai ya rage dawowar cutar da fiye da rabi.

Ta biyu ita ce cutar mafitsara, wadda ta fi kama mata. Fitsari yakan wanke ƙwayoyin cuta ya fitar da su. Idan an rage shan ruwa, aka kuma riƙa matse fitsari, sai ƙwayoyin su samu wurin zama su hayayyafa. Daga nan sai zafin fitsari da ciwon mara, in ba a yi magani ba su haura har ƙoda, da zazzaɓi da ciwon baya. Ga mai juna biyu abin ya fi tsanani, domin yana iya taɓa abin da ke cikinta.

Ta uku, wadda ta fi gaggawar kisa, ita ce tsayawar ƙoda farat ɗaya. Idan jiki ya zubar da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci, ta hanyar amai da gudawa, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko zubar jini wurin haihuwa, ko aikin ƙarfi cikin rana, jinin da ke isa ƙoda yakan yi kaɗan, matatan su shaƙe. Mai aikin ƙarfi a tsakiyar zafi yana iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya. A nan ne wata al'adarmu take ƙara wa Barno dawaki. Mutum ya dawo a gajiye, jiki duk ciwo, ga ƙishirwa, sai ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A cikin haɗin galibi akwai irin su ibuprofen ko diclofenac. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma illarsu ta fi tsanani daidai lokacin da jiki ba ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: ƙishirwa ta tsaga bangon, ƙwayar ta shiga.

Ba mu kaɗai ne muke fama da rana ba, kuma abin da ya sami wasu ishara ne gare mu. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado na Amurka ta Tsakiya, dubban masu yankan rake, samari majiya ƙarfi waɗanda ba su da hawan jini ba su da ciwon suga, sun mutu da ciwon ƙoda cikin shekarun da suka wuce. Abin da masu bincike suka fi ɗora wa alhaki shi ne aikin ƙarfi cikin tsananin zafi da ƙishirwa mai maimaituwa kullum. Da wasu gonakin suka tanadar wa ma'aikata ruwa da inuwa da hutu a kan ƙa'ida, raunin ƙodar da ake gani a lokacin girbi ya ragu. A nan gida kuwa, duk mai sauraron rediyo ya ji labarin Gashuwa ta jihar Yobe da yankin Haɗeja na Jigawa, inda ciwon ƙoda ya yi yawa har ya ɗaga hankalin hukuma, masana suna ta binciken ruwan da ake sha da magungunan feshi da zafin yankin. Sannan ba mu manta da bazarar 2024 ba, wadda ta faɗo cikin azumi, lokacin da zafi a garin Kayes na ƙasar Mali ya haura maki 48 a farkon Afrilu. Zafin da muka taso muka sani yana ƙaruwa, tilas tanadinmu ya ƙaru tare da shi.

Amma mu malamai ne, bai kamata mu faɗi rabin gaskiya ba. Ruwa kariya ne, ba ya warkar da ƙodar da ta riga ta lalace. Manyan abubuwa biyu da suka fi kashe ƙoda a duniya su ne hawan jini da ciwon suga, kuma ko randa guda mutum zai shanye kullum, ba za ta maye gurbin maganinsu ba. Haka nan yawan gishiri da dunƙule a miya, da jiƙe-jiƙen da ake talla a kasuwa da tasha ba a san abin da ke ciki ba balle adadinsa, da man shafawa na canza launin fata wanda wasunsa suke ɗauke da sinadarin makuri, duk suna cin ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Sannan wanda likita ya tabbatar masa ƙodarsa ta yi rauni ƙwarai, ko zuciyarsa ta gaza, ko jikinsa yana kumbura, shi nasa hukuncin daban ne: yawan ruwa yana iya cutar da shi, sai ya tsaya a kan adadin da likitansa ya yanka masa. Kada wani ya fita daga wannan zaure ya je ya ɗura wa majinyaci ruwa ya ce a taron malamai ya ji.

Cutar nan ba ta duba muƙami. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi karatun kimiyyar haɗa sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, ya kuma riƙe alli ya koyar a garin nan na Zariya, ya yi shekaru yana fama da lalurar ƙoda kafin rasuwarsa a watan Mayun 2010. Allah ya jiƙansa. Idan ta wahalar da wanda ƙasa gaba ɗaya take tsaye a kan jinyarsa, ina ga malamin firamare?

Mu yi lissafi, tunda sana'armu ce. Wanda ƙodarsa ta gaza baki ɗaya, hanya biyu ce ta rage masa: wanki ko dashe. Wankin ƙoda ana bukatarsa sau biyu zuwa uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, har iyakar rai ko har a samu dashe. Muna da sa'a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika kusa da mu, kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Amma kusancin asibiti ba ya rage tsada. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga wajen naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ko da mutum ya dace da wannan rangwame, wanki uku a mako naira 36,000 ke nan, a wata ya haura 140,000, ban da magani da ƙarin jini da kuɗin mota. Mafi ƙarancin albashin da dokar 2024 ta tsayar naira 70,000 ne. Kowa ya san inda lissafin yake ƙarewa: a sayar da babur, a sayar da fili, a cire yara daga makaranta, a zagaya da takardar neman taimako a ɗakin malamai. Mun sha sa hannu a irin wannan takarda. Rigakafi ya fi magani, a nan kam har da nisan sama da ƙasa.

To nawa za mu sha? Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa, domin mai zama a inuwa da mai tsayuwa a rana ba ɗaya suke ba. Ga baligi mai lafiya, lita 2 zuwa 3 a yini ma'auni ne mai kyau a irin yanayinmu, a ƙara idan zafi ya tsananta ko ana aikin ƙarfi, haka ma mai shayarwa. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, ke nan leda huɗu zuwa shida. Ma'aunin da ya fi sauƙi kuwa yana tare da kowa: launin fitsari. Idan ya yi haske, ɗorawa-ɗorawa kaɗan, jiki ya samu. Idan ya yi duhu, ya yi kaɗan, ga ciwon kai da jiri, jiki yana roƙo. A sha kaɗan-kaɗan a rarrabe cikin yini, kada a jira sai maƙogwaro ya bushe a kwankwaɗi moɗa uku a tashi ɗaya. Tsofaffinmu a riƙa miƙa musu ko ba su nema ba, domin jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru. Kada kuma hunturu ya ruɗe mu: iskarsa busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ba tare da an ga zufa ba. Kunu da fura da zoɓo marar yawan sukari da kankana duk suna taimakawa, amma lemon kwalba ba madadin ruwa ba ne, kullum-kullum ɗinsa hanyar ciwon suga ce.

Masu azumi, na Ramadan ko na nafila, da 'yan'uwanmu Kirista masu azumin kwana arba'in, a raba ruwan tsakanin buɗa-baki da sahur, a rage abinci mai gishiri da yaji da asuba, a guji rana gwargwadon hali. Mai ciwon ƙoda ko ciwon suga ya ga likita kafin watan ya kama, ya kuma tambayi malaman addini game da sauƙin da aka yi wa marar lafiya.

Ruwan kuma ya zama mai tsabta, domin ruwa mai datti yana kawo gudawar da za ta kai mu inda muke gudu. Mun san halin da unguwanninmu suke ciki, inda gidaje da yawa suka dogara ga rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa. Wanda ba a amince da shi ba a tafasa, a rufe randa, a keɓe mata moɗa. Idan yaro ko babba ya fara amai da gudawa, kada a jira: a jiƙa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, in babu a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi, a kama hanyar asibiti. Wanda ya yini bai yi fitsari ba, ko ya ga jini ko kumfa mai yawa a ciki, asibiti ne wurinsa, ba kemis ba.

Saura mu juya ga kanmu. Sau nawa yaro ya ɗaga hannu ya ce zai sha ruwa ko zai zagaya, muka daka masa tsawa ya zauna? Gaskiya ne wasu wayo suke yi, amma ba duka ba. Yaro ya fi babba saurin bushewa, kuma yaron da ƙishirwa ta kama ba ya fahimtar darasi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ɗalibin da ya ga malaminsa ya ajiye gorar ruwa a kan tebur yana kurɓa, ya koyi darasin da zai bi shi har tsufa.

Domin kada maganar ta tsaya a zaure, muna gabatar wa reshe da waɗannan shawarwari. Na ɗaya, wakilin ƙungiya a kowace makaranta ya rubuto mana halin da ruwan sha da makewayi suke ciki a wurinsa, mu haɗa mu kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, mu sa shi cikin buƙatunmu daidai da batun albashi, tare da sharaɗin makewayin mata daban, mai ƙofa da ruwa. Na biyu, kafin hukuma ta amsa, shugabannin makarantu su zauna da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin gudanar da makaranta a samar da randa ko bokiti mai murfi da famfo a kowane rukunin azuzuwa. Na uku, a watannin bazara a ware 'yan mintoci tsakanin darussa domin shan ruwa, a kuma ɗage wasanni da sharar fili daga tsakar rana. Na huɗu, tunda ranar Alhamis ta biyu a watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, wadda aka fara a 2006, reshe ya nemi haɗin kan ma'aikatan lafiya a riƙa auna mana jini da suga da fitsari a wannan mako kowace shekara. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko suga, ko aka taɓa yin ciwon ƙoda a danginsa, kada ya bari shekara ta zagayo bai yi gwajin ƙoda ba.

Ga iyalanmu kuma muna da roƙo ɗaya. Uwargida, idan kina haɗa wa maigida jakarsa, ki sa gorar ruwa kusa da littattafan. Maigida, idan matarka malama ce, ka tambaye ta ko akwai inda take zagayawa a makarantarsu, in babu ka zo mu yi kukan tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon kula da amanar jikin da ya ba mu.